Tiyon tururi: a gwada shi da ruwa kafin a hura mishi wuta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya iyali, ya kuma ɗarin ga da ya fara shigowa. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarmu, na san wasiƙar ta yi tsawo amma ka yi haƙuri da ni ka buga ta yadda take, dan maganar rai ce.

Ni mai walda ne, sudur kaman yadda munka fi faɗi a nan Maradi, na fi shekara talatin ina riƙe da bageti, wato sandar walda, kuma a cikin shekarun nan na yi da dama a wani izin, wato masana'anta, na man gyaɗa inda aikina shi ne kula da shodiyer, wato tukunyar tururi, da duk tiyon da ke fita daga gareta. To abin da ya sa na ɗauki waya nike rubutu yau, a daminar da ta wuce cikin watan Agusta wani bawan Allah mai sayen zogale daga wajen Jiratawa ya gaji da asara, kullum hadari, ganye ba ya bushewa sai ya yi baƙi ya yi fumfuna, sai ya je wurin wani matashi mai walda ya ce a ƙera mishi injin busarwa mai aiki da tururi irin wanda ya gani a waya. Yaron na san shi, yana da hannu wallahi, ƙofofi da tagogin da yake yi ba a kushe su. Ya samo tsohuwar tukunyar gas ya mai da ta shodiyer, ya sayo farin tiyon famfo, ya yanyanka kwano ya huda ya zura a jikin tiyon, ya toshe bakin babban tiyo da shafaffen ƙarfe ya bi shi da walda sau ɗaya. Ba mano na ganin matsi, ba supap mai sakin tururi in matsi ya yi yawa, ba komi. Ranar gwaji sai anka cika ruwa anka hura wuta kawai, anka sa ɗan koyo, ɗan maƙwabcina ne da bai wuce shekara goma sha biyar ba, yana tura icce. Marfin nan da ya toshe bakin tiyo da shi ya ɓalle. Ɗan koyon ya ƙone a ƙirji da hannun dama da gefen wuya, ya yi makonni a likita, na je duba shi na tarar da mahaifiyarshi zaune tana yi mishi fifita da mafici tana kuka ba sauti, har yau in na tuna sai in ji abu ya tokare min maƙoshi.

Ban rubuto dan in tona asirin kowa ba, shi ma mai waldar tun ranar bai sake zama daidai ba, kuma gaskiyar magana ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya mishi mi ne ne tururi. Mu manya da munka sani mu ne munka yi shiru. Shi ya sa nike so in faɗi abin da na sani a bainar jama'a.

Da farko shi wanga tiyo mai kunnuwa, wato yankakken kwanon nan da ake jerawa a jikin tiyo, masu lakwal suna ce musu alet, ni dai kunnuwa nike ce musu, ba baƙon abu ba ne. Duk ɗan kabu-kabu yana zaune a kanshi kullum, ka duba kan injin babur za ka ga haƙarƙarin nan jere, ka duba radiyatan mota, ka duba bayan kilim, duk dabara ɗaya ce. Tururi ko ruwan zafi in yana bin cikin tiyo yana ba ƙarfe zafinshi nan da nan ba gardama, amma iska ita malalaciya ce wurin karɓar zafi, sai ka ba ta fili mai faɗi da za ta goga jikinta. Bari in ba da lissafi kowa ya gwada da kanshi. Tiyon inci 1, wanda kaurinshi daga waje milimita 33 ne da ɗan wani abu, in ka ɗauki mita 1 ka shimfiɗe fatarshi wajen kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ce kawai. Amma in ka jera mishi kunnuwa masu tsawon milimita 15, kana barin milimita 5 tsakanin wanga da wancan, wato kunnuwa 200 a mita, filin da iska za ta taɓa ya kai wajen murabba'in mita guda, ninki goma kenan. Aikin da tiyo da yawa za su yi sai guda ya yi shi. Wanga shi ne duk sirrin, kuma wallahi ba abin da ya fi ƙarfin maƙeran Maradi a ciki.

Sai dai inda ake faɗuwa shi ne gindin kunnen, wurin da ya haɗu da tiyo. In ka huda kwano ka zura kawai yana lilo, akwai siririyar iska tsakanin kunnen da tiyon, to wagga iskar bango ce, tiyo zai yi zafi kaman ya ƙone ka amma ka taɓa bakin kunne ka ji shi ɗumi-ɗumi. Sai mai aiki ya ga ɗaki bai yi zafi ba, sai ya ce a ƙara icce, ana ƙara icce matsi na hawa, kun ga yadda kuskuren kunne ke komawa ya zama haɗarin tukunya, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru ranar nan kenan. A manyan masana'antu na ƙasashen waje akwai hanyoyi da dama, akwai wanda ake naɗa siririn ƙarfe kaman rawani a jikin tiyo da ƙarfi an lanƙwashe ƙafarshi ta kwanta, akwai wanda ake tsaga ɗan kwari a jikin tiyon a cusa gindin kunnen a danne, akwai wanda ake sa tiyon ƙarfe cikin rigar alminiyom inji ya matso kunnuwan daga jikin rigar, sannan akwai wanda inji ke walde gindin kunnen tun daga farko har ƙarshe yana naɗawa, wanga na ƙarshe shi ne mai jure babban zafi da matsi dan ya zama jiki ɗaya da tiyon. Mu a nan abin da muke iyawa shi ne mu huda ramin kunnen ya ɗan fi tiyon ƙanƙanta mu fitar mishi da ɗan wuya mu buga shi ya shiga da ƙyar, ko mu naɗa a injin tur mai juya ƙarfe sannan mu bi gindin da walda a hankali da ƙaramar wuta. Ina jaddada ƙaramar wuta, dan na sha ganin wanda garin liƙa kunne ya ci rabin naman tiyon da bageti, daga waje kyakkyawa, a ciki kuma ya bar wurin da zai fashe.

Ƙarfen kunnen ma akwai magana. Jan ƙarfe ya fi kowa tafiyar da zafi, alminiyom yana bin shi da wajen rabi ko fiye kaɗan, baƙin ƙarfe kuma bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na jan ƙarfe ba, inoks, ƙarfen nan marar tsatsa da mutane ke so dan yana ƙyalli shi ne ma na baya duka. Dan haka in da baƙin ƙarfe za ka yi kunne kar ka yi shi dogo siriri, zafi ba zai kai bakinshi ba, asarar ƙarfe ce kawai, gara gajere mai ɗan kauri. Sannan in ka haɗa alminiyom da baƙin ƙarfe a wuri mai laima tsatsa na cin mahaɗar sannu a hankali har kunnen ya saki. Abu na ƙarshe a nan wanda ba za ka gani a bidiyon Turai ko na Sin ba shi ne ƙurarmu. Su suna matse kunnuwa ƙwarai dan iskarsu ba ta da ƙasa, mu kuwa daga Nuwamba har Fabrairu hazo da ƙurar hunturu ba sa ɗagawa, ga garin zogale ko ƙaiƙayin da ke tashi a ɗakin kanshi, sati biyu sun isa su toshe tsakanin kunnuwan su zama bargo. Ni in zan yi wa mutum ina barin milimita 8, kunnuwa 125 a mita, filin ya ragu ya koma wajen ninki shida amma buroshi na shiga a share, kuma bayan shekara ma yana aiki.

To Malam Edita duk wanga da na faɗi in an kuskure shi asarar kuɗi ce da icce. Wanda ke kisa shi ne matsi.

Kowa ya san ruwa na tafasa a digiri 100 in tukunya a buɗe take, kuma ko ka ƙone duk iccen dajin Baban Rafi ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙafe. Amma in ka rufe shi ruf sai zafin ya ci gaba da hawa tare da matsi. A bar 1 na mano, bar shi ne ma'aunin matsi, ruwa ya kai digiri 120, a bar 5 ya kusa 160, a bar 10 ya kai wajen 184 kuma yana nan ruwa bai zama tururi ba dan an danne shi. Duk wanda ya taɓa buɗe marfin radiyatan mota da zafi ya ga yadda ruwa ke tsalle ya wanke fuskar mutum, to wanga wajen bar 1 ne kacal. Shi bar 1 ɗin nauyin kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. Marfi mai faɗin santimita 20, kaman ɗan faranti, yana da murabba'in santimita 314, a bar 10 abin da ke tura shi ya fi tan 3, buhun gero mai kilo ɗari sama da talatin a kan farantin nan, kuma layin walda guda ne ke riƙe da shi. Ranar da waldar ta saki, ruwan nan mai digiri 184 ba zuba zai yi ba, wani kaso nashi zai juye tururi a ƙiftawar ido, kuma lita 1 na ruwa in ya zama tururi a sarari yana cin wurin lita wajen 1,700. Shi ya sa tukunya ke tashi ta huda rufin kwano. Sannan ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, dan zafin da ruwa ke sha kafin ya juye tururi ya fi ninki biyar na wanda ya sha daga sanyi ƙarara zuwa tafasa, duk wanga zafin yake saukewa a fatar mutum in ya taɓa ta.

Shi ya sa ba kowane tiyo ke shiga wanga aiki ba. Farin tiyon famfo an yi shi dan ruwan sanyi, yana da ɗinki a tsawonshi, ga tutiyar da anka shafe shi da ita wadda in ka walde ta hayaƙinta ke sa zazzaɓi da dare, duk mai walda ya san wanga zazzaɓin. Na tururi shi ne baƙin tiyo marar ɗinki, mai lamba 40 ko 80 a rubuce a jikinshi, na inci 1 mai lamba 40 kaurin namanshi ya kusa milimita 3 da rabi, mai lamba 80 kuma 4 da rabi. Marfi kuma ba shafaffe ake so ba, mai ƙoƙo ake so kaman gindin ƙwarya dan nauyin ya rarrabu, ku duba gindin tukunyar gas ko tankin kwampireso ku gani ko akwai shafaffe. Amma kar wani ya ce to ai tukunyar gas ɗin ta yi kenan, a'a, ita an yi ta dan ta riƙe gas a inuwa, ba a yi ta dan a ɗora ta a kan harshen wuta ba, ƙarfenta siriri ne kuma wadda ake samu a wurin ƴan gwangwan tsatsa ta riga ta ci gindinta. Wajen waldar ma sai an fiƙe bakin tiyon biyu an bar ɗan tsakani, a yi zagayen farko ya shiga har ciki, a goge da mel, injin gugar ƙarfe, a sake bi sau biyu ko uku. Bagetin da muke ƙofa da taga da shi, 6013, ba shi ne na nan ba, 7018 ake so kuma shi ba ya son laima ko kaɗan sai an gasa shi ya bushe, in an bar shi a buɗe cikin damina waldar na fitowa da ƴan ramuka kaman soso a ciki. In kuma kuran ya yi ƙasa bageti na liƙewa, gara ka ajiye aikin sai gobe.

Akwai wasu abubuwa biyu da sai wanda ya zauna kusa da shodiyer ya san su. Ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi, tiyo mai mita 6 in zafinshi ya ƙaru da digiri 150 yana ƙara tsawon da ya kai milimita 11, in ka ɗaure shi tam gaba da baya to kullum anka kunna anka kashe yana ja yana saki har wata rana waldar ta tsage, dole gefe ɗaya a bar shi yana zamewa ko a yi mishi lanƙwasa da zai numfasa. Na biyu, tururi in ya ba da zafinshi ruwa yake komawa, in ba a karkata tiyon kaɗan ba an sa mishi ɗan abin nan da muke ce wa pirja wanda ke fitar da ruwa ya riƙe tururi, sai ruwan ya taru, tururi mai gudu ya ɗauko shi ya maka a kwana, za ka ji kaman ana dukan tiyon da guduma. A izin in munka ji wagga ƙara ba mai tsayawa gardama, rage wuta ake a buɗe magudana. Haka in ruwa ya yi ƙasa a tukunya har ƙarfe ya yi ja, kar a kuskura a zuba ruwan sanyi, a janye wuta a bar ta ta huce. Ga kuma ruwan rijiya mai barin farin dutse a cikin tukunya kaman na gindin buta, in ya yi kauri wuta na gasa ƙarfe ruwa bai sanyaya shi, dole a riƙa buɗewa ana kankarewa.

Turawan da sunka ƙirƙiro abin ma da gawa sunka koye shi. Tun a 1679 wani Bafaranshe Denis Papin ya yi tukunyar matsi, kuma shi ne ya sa mata supap, ƴar ƙofar da ke buɗe kanta in matsi ya wuce ƙima, yau shekara fiye da ɗari uku amma mu muna ƙera tukunya ba ita. A Ingila a 1831 wani mai suna Perkins ya fito da hanyar ɗumama gidaje da ruwan zafi mai babban matsi, kuma abin da ya dogara da shi ƙananan tiyo ne masu kaurin nama sosai, dan ƙaramin tiyo ya fi babba jure matsi, wanga darasi ne gare mu, kar a tara ruwa mai yawa a babbar tukunya in ƙaramin tiyo zai yi aikin. A Amurka kuma a 1905 shodiyer ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton, mutum 58 sunka mutu, bayan nan ne sunka tashi tsaye sunka rubuta dokokin ƙera tukunyar tururi waɗanda har yau duniya ke aiki da su. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, ba sai mun jira namu mutum hamsin ba.

Babban abin da nike roƙo, wanda shi ne kan wasiƙar, shi ne gwaji. Duk abin da zai riƙe matsi a gwada shi da ruwan sanyi kafin ya ga wuta. Yadda ake yi ba wuya, a cika shi da ruwa taf a fitar da duk iskar da ke ciki ta sama, a ɗaura mano mai kyau, a riƙa turawa da pampon hannu sannu sannu har allura ta kai ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi, in bar 6 zai yi aiki a kai shi 9, a rufe a bar shi kaman rabin awa ana kallon allura, a bi kowace walda da busasshen tsumma. In allura ta sauka ko tsumma ya jiƙe to akwai magana, a sauke matsi a gyara a sake. Dalilin da ya sa ruwa, shi ruwa ba ya matsuwa, in ma wuri ya tsage sai ya yi tsartuwa kaɗan matsin ya faɗi nan take ba wanda zai ji ciwo. Amma na ga masu gwadawa da iskar kwampireso suna shafa ruwan omo suna neman kumfa da fuskarsu a jikin tanki, dan girman Allah a daina, iska na matsuwa ta tara ƙarfi kaman baka da anka ja, ku tambayi masu faci abin da tayar babbar mota ke yi in ta fashe a bar 8. Bayan gwaji a sa supap na gaskiya wanda anka saita, kar a sa famfo tsakaninshi da tukunya, kuma in ya fara huci kar wani ya ɗaure shi da waya ko ya ɗora mishi dutse wai yana ɓarnar tururi, na taɓa gani da idona kuma ranar ban iya cin abinci ba.

Sannan ina so masu kuɗin su ji wata gaskiya ko da za ta rage muna ciniki. Yawancin abin da ake zuwa nema wurinmu ba ya buƙatar matsi ko kaɗan. Zogale iska mai digiri wajen 50 ta ishe shi, in ta wuce sosai ma ganyen lalacewa yake ya rasa korenshi. Ƴan tsaki a satinsu na farko digiri 32 zuwa 35 suke so, ko a tsakiyar Janairu da dare ke sauka ƙasa da 15. Tumatir na kauɗa, tattasai, albasa, aya da Allah ya hore wa jiharmu, duk ba mai neman digiri 180. To mi ya kai mu ga bar 10? Tukunya a buɗe mai tiyon numfashi a sama wanda ba a toshewa, ruwa mai digiri 80 ko 90 yana zagayawa cikin tiyo mai kunnuwa, fanka na hura iska, shi kenan, sai dai ka ƙara yawan tiyon kaɗan, kuma ko yaro ya yi barci wuta ta yi yawa iyakarta ruwa ya tafasa ya yi ambaliya. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni tun shekarun baya ya nuna muna a Yamai cewa rana kaɗai na dafa ruwa a jikin baƙin faranti mai tiyo, wanga ma kunne ne, sai dai shi karɓar zafi yake maimakon bayarwa, a rani ana iya haɗa shi a rage icce. Babban matsi a bar shi ga inda dole sai da shi, masu matsar mai da masu sabulu da manyan wurare irin matatar SORAZ ta Damagaram ko tashar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren, su suna da injiniyoyi da masu dubawa da takardar kowace tukunya.

Ina kira ga malamanmu na makarantar fasaha ta Dan Kasawa da na jami'ar Dan Dikko Dankulodo, ilimin lissafin nan yana wurinku, hannu kuma yana wurinmu, dan Allah ku buɗe muna ƙofa ko da kwana uku ne a lokacin hutu, a tara masu walda na Zariya da Sabon Gari da Bagalam da Ali Dan Sofo har da na Tibiri da Madarunfa da Tasawa, a yi bayani da Hausa, a yanka walda mai kyau da marar kyau a nuna wa kowa cikinta. Ƙungiyoyin masu sana'ar hannu kuma su haɗa kuɗi a sayi pampon gwaji da mano biyu uku a ajiye wuri ɗaya sananne, duk wanda ya ƙera abu mai matsi ya kawo a gwada a buga mishi lamba da kwanan wata a jiki, abin bai kai kuɗin babur ɗaya ba. Ƴan kasuwarmu masu sayo ƙarfe daga Kano da sauran wurare ku riƙa kawo baƙin tiyo marar ɗinki da supap da pirja, in babu su a kasuwa dole yaro ya ɗauki abin da ya samu. Alhazai masu ba da aiki kuma, in mai walda ya ce kuɗin kaza ne saboda supap da gwaji kar ku ce wane ya ce zai yi a rabin haka, araha ba ta ado, kuma ba ku ne ke tsayawa gaban wutar ba, ɗan wani ne.

Ƴan uwana masu gareji, yaran nan amana ce iyayensu sunka kawo muna su koyi abin da za su ci abinci. Ranar kunna sabon abu kai maigida kai ne za ka tsaya kusa, su su koma bayan bango.

Yaron maƙwabcina ya dawo gida, hannun bai gama miƙewa ba tukuna ana ta yi mishi gashi da motsa shi, kuma ya ce shi har yanzu waldar yake so, na ce wa babanshi in ya warke ya kawo min shi. Ni kuma ina da tsohon pampon gwaji na hannu da mano guda biyu tun na zamanin izin, na gyara su suna aiki, duk mai waldar da ya ƙera tukunya ko tiyon tururi a cikin garin ga ya tambayi ƴan uwa masu sana'a za su nuna mishi garejina, ranar Lahadi da safe ba ni da aiki sosai, zan zo da kayana mu cika ta da ruwa mu gwada tare, ba na karɓar ko dala.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani tsohon mai walda, Maradi